Masu gwajin ƙasar da na ɗauka a Ojo

Duk ɗan Arewan da ke shirin ɗora bene a Legas, musamman ta wajen Ojo, Iba ko Ajah, ina ba shi shawara ya kira masu gwajin ƙasa kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya. Kamfanin da na ɗauka yana Ikeja, wani abokin kasuwancina a Alaba Rago ne ya haɗa ni da su. Aikinsu ya gamsar da ni, amma akwai inda suka ɓata mini rai, zan zo kansa.

Sun zo fuloti da ƙarfe mai ƙafa uku, da inji, da bututu. Ana sako wani ƙaton guduma a kan bututun, yaro ɗaya yana ƙirga bugu nawa aka yi kafin ya nutse. A sama, inda aka cika yashi, bututun ya yi gardama. Yana wuce nan sai ya riƙa zurmawa kusan ba bugu. Abin da ya fito baƙin taɓo ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, har da guntayen saiwa a ciki. Injiniyan, matashi ne ɗan Zariya, ya murza shi a yatsa ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, a kan wannan birkilanka yake so ya ɗora maka hawa uku."

Birkilan kuwa yana tsaye, ya ce ai shi ya gina gidan maƙwabci, ga shi nan lafiya lau. Amsar da Injiniya ya ba shi ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk aikin. Labarin hasumiyar Pisa ta Italiya ya ɗauko, wadda ake ɗaukar hoto ana yi kamar an tokare ta.

An fara ginin ta a 1173, domin rataye ƙararrawar babban cocin garin. Dutsen marmara ne, tsayinta kusan mita 56, nauyinta tan 14,500, amma fandishonta mita 3 kacal, a kan yumɓu da yashi mai laushi. Ana kai hawa na uku, wajen 1178, ta fara karkata. Sai yaƙe-yaƙe suka tsayar da aikin kusan shekara ɗari, kuma wannan tsaikon ne ya cece ta, domin ƙasar ta samu lokacin matsewa a ƙarƙashin nauyin. Da aka dawo a 1272, magina suka yi irin dabarar da na tabbata namu ma za su yi: suka riƙa ƙara tsayin bangon gefen da ya nutse don su daidaita ido. Shi ya sa idan ka lura ba karkata kawai ta yi ba, har lanƙwasa gare ta. Sai a 1372 aka gama ɗakin ƙararrawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, masu gyara sun sha ƙara mata ciwo. A 1838 aka haƙe kewayen gindinta don a ga adon da ya nutse, ruwa ya ɓullo, ta ƙara kwantawa. A 1934 aka huda fandisho aka ɗura siminti, nan ma ta ƙara. Zuwa 1990 ta kai digiri 5.5, aka rufe ta. Aka jibge dalma ɗaruruwan tan a gefen arewa don a riƙe ta. Maganin gaskiya kuwa, wanda Farfesa John Burland na Landan yake cikin waɗanda suka tsaya a kai, shi ne a zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin gefen da ya ɗaga, hasumiyar ta koma da kanta. Ta dawo da kusan santimita 45, aka sake buɗe ta a Disambar 2001. Injiniya ya ce da birkila, "Baba, gidan maƙwabcin nan shekararsa nawa? Yumɓu ba ya gaggawa."

Yanzu ga ƙorafina. Sun wuce ranar da suka yi alkawarin kawo rahoto, sai da na yi ta bugun waya. Da ya zo kuma, Turanci ne tsantsa da zane-zane, ba shafi ɗaya da mai kuɗin zai karanta ya gane. Da ba don Injiniya ya zauna ya warware mini da Hausa ba, da sai dai in ajiye shi a durowa. Sun kuma tafi sun bar ramukan a buɗe, ga yaran unguwa suna ƙwallo a wurin. Ni na sa aka cike.

Kuɗin ya yi zafi, ba zan ɓoye ba, kuma shawarar da suka bayar ta fi shi zafi: ko a kafa turakun kankare su wuce taɓon har su taka yashi mai ƙarfi, ko in haƙura da hawa ɗaya a kan shimfiɗar kankare. Na zaɓi turakun, na ɗage ginin zuwa bayan damina. Idan za ka ɗauke su, ka sa a rubuta ranar kawo rahoto da cike ramuka a cikin yarjejeniya, kuma ka riƙe wani abu daga cikin kuɗin sai takarda ta shigo hannunka.