Fas ko Marrakesh, ga mai tafiya da tsohuwa

Malam, ka ce kwana biyar gare ku a Maroko kai da Hajiya, gwiwarta kuma ba ta son hawa, kana tambaya wanne za ku nufa tsakanin Fas da Marrakesh. Na taka duka biyun daga nan Birnin Kebbi, to ga abin da idona ya gani da wanda ƙafata ta ji.

Batun haɗa su dai ka ajiye shi. Jirgin ƙasa tsakaninsu ya haura awa shida, da tsohuwa kuwa wuni guda ke nan ya tafi.

Marrakesh a shimfiɗe yake, kuma ja ne, ganuwa da gidaje duk launin jar ƙasa. Sarakunan daular Murabiɗai suka kafa shi wajen 1070. Duk inda ka ɓace, ɗaga kai kawai za ka yi ka nemi hasumiyar masallacin Kutubiyya, mai tsawon mita 77, ta mayar da kai hanya. In da hunturu ne, bayanta za ka hango duwatsun Atlas fari fat da ƙanƙara, alhali kana tsaye a gindin dabino. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kufan fadar Badi. Sarki Ahmad Almansur ya fara gina ta a 1578, shi ne kuma ya turo rundunar da ta karya Songhai a Tondibi a 1591, Songhai ɗin nan da Kanta namu ya yi wa tawaye tun kafin nan. Yau babu marmara babu zinariya, wani sarkin ya kwashe ya kai garin Maknas. Bango ne tsirara, da wasu manyan tsuntsaye masu kama da shamuwa, sai dai farare, sun yi sheƙa a kai. Wanda ya taɓa zuwa Surame, kufan birnin Kanta, zai gane irin shirun.

Dandalin Jami'ul Fana kuwa, da yamma gardawa ne da macizai da kiɗa da hayaƙin gashi. Ka ɗaga waya don hoto, kafin ka sauke an miƙo maka hannu. Ba na jin zai burge Hajiya. Abin da zai burge ta shi ne kabarin Alƙali Iyal mai Ashafa da na Imamu Jazuli mai Dala'ilu, duk suna cikin garin. Sai dai a kula da babura, don a lungunan tsohon garin gudu suke kamar 'yan kabu-kabun kasuwar Jega.

Fas daban ne. A cikin kwari yake, tsohon garin kuma mota ba ta shiga. Jaki da alfadari ke dakon komai, har tukunyar gas. In ka ji an ce "balak!" ka manne da bango, kaya ne tafe. Daga ƙofar Bu Jalud, mai shuɗi ta waje kore ta ciki, hanya gangarewa take yi har masallacin Alƙarawiyyin, wanda wata baiwar Allah, Fatima Alfihriyya, ta gina a 859. Gangarar daɗi gare ta. Dawowar ce aiki.

Mutanen Fas irin namu ne wajen ɓoye gida. Daga waje bango ne kawai da ƙofar katako, sai ka shiga ka saki baki. A makarantar Bu Inaniyya, ginin shekarun 1350, na zauna a dandaɓe na fi rabin awa ina kallon bango guda. Ƙasansa ƙananan tayil ne da aka yanka da hannu ɗaya bayan ɗaya, suna ce musu zallij. Tsakiya farin shafe ne da aka sassaƙa ayoyi da ganyaye a ciki, sama kuma katakon al'ul ne da ya yi baƙi don tsufa. Maginan da suka yi wa soron sarakunanmu zane da sun ga wannan da sun ce ɗan'uwa ne ya yi, sai dai shi ya samu kuɗi da lokaci. Majemar Shuwara ma tana nan. A bakin ƙofa ake ba ka ganyen na'ana'a ka toshe hanci, don da kashin tattabara suke jiƙa fata. Benen kallon tsaye yake, ka bar Hajiya a ƙasa.

Ga kuma zawiyyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a garin a 1815. Ran Juma'a bayan la'asar wurin cika yake, 'yan Senegal sun fi yawa, amma za ka ji Hausa da Fulatanci a gefenka. Bayan magariba a masallatai ana karanta izu a tare, da Warshu, irin wanda aka biya mana a allo. Ni a nan baƙunta ta sake ni.

To ni dai in ni ne kai, Fas zan kai ta, duk da gwiwar. Marrakesh ya fi sauƙin taku, amma abin da tsohuwa za ta dawo tana ba jikoki labari a Fas yake. Dabarar ita ce masauki. Ka nema kusa da dandalin Rasif, can ƙasan kwarin, inda tasi ke iya sauke ku, daga nan zuwa zawiyya da Alƙarawiyyin ba nisa. In za ku ga Bu Jalud, ku hau tasi zuwa sama ku gangaro a hankali, kada ku yarda ku yi akasin haka. Ka kuma dage a ba ta ɗakin ƙasa tun kafin ka biya, don matakalar tsofaffin gidajen nan kamar tsani take. In tafiyar ta faɗo a Disamba ko Janairu, a haɗa mata da safa da rigar sanyi mai kauri, sanyin Fas ya wuce na hunturun Argungu.