Yini guda da mai jagoran fatsa a Puget Sound

A watan Satumba na biya wani mai jagora ya kai ni kamun kifi a gaɓar Point No Point da ke Puget Sound, wani reshen teku a jihar Washinton ta Amurka. Kifi iri biyu muka je nema: salmon ɗin da ake kira koho, da cutthroat, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa kamar an gitta masa wuƙa.

Wannan fatsa ba a sa mata tana. Gashin tsuntsu da na barewa ake ɗaurawa a ƙugiya har ta yi kama da ɗan kifi, nauyin igiya kuma shi ke kai ta nesa. Cikin awa guda mutumin ya daidaita mini hannu, bai gaji da maimaitawa ba. Amma inda kuɗina suka yi amfani shi ne karatun ruwa. Ya nuna mini cewa kifi na farauta ne sa'ad da teku ke cika ko janyewa, ruwa na gudu kamar kogi. Ya kuma hana ni kutsawa har ƙugu, domin cutthroat a bakin gaɓa yake kiwo, wani lokaci a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Da ni kaɗai ne, da na tattake wurin da kifin yake.

Cutthroat uku na kama, duka muka sake su, don doka ta hana tafiya da shi daga ruwan gishirin nan. Ƙugiyarmu ma marar ƙaya ce. Mai jagoran ya sa na jiƙa hannu kafin in taɓa kifin, abin ya burge ni ƙwarai. Koho ɗaya ya cafke ƙugiyata, ya yi tsalle sau biyu yana walƙiya kamar azurfa, ya kuɓuce. Har yanzu ina jin fizgar nan a hannuna.

Ƙorafina ɗaya ne: wandon robar da ya ba ni aro yana yoyo a ƙafar hagu, ruwan kuwa sanyi ƙarara. Wanda ya karɓi kuɗi masu kauri haka, ya kamata ya duba kayansa tun daga gida.

Duk da haka zan sake ɗaukarsa da bazara, lokacin da 'ya'yan salmon ke saukowa daga rafuka cutthroat na binsu. Mai niyyar zuwa ya sayi lasisi da katin rubuta salmon ɗin da ya kama tun kafin ranar, ya kuma tafi da safa mai kauri.