Keken hawan dutse: na sayi sabo na yi nadama, na koma gwanjo

Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur na koma keke, kamar yadda mutane da dama suka yi a nan Jos. Da farko wurin aiki kawai nake zuwa da shi. Daga baya wani abokin aikina ya ja ni muka fara fita da sassafen Asabar ta hanyar Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere. A can ne na gane keke suna ya tara.

Wanda na fara saya sabo ne dal daga kwali, ja mai sheƙi, ga shokazoba gaba da baya, ga giya 21. Kuɗinsa bai kai rabin na wanda nake hawa yanzu ba. A kan kwalta ba laifi. Ranar da na tunkari tudu da shi kuwa, na san sayen ido na yi. Ƙarfe ne zalla, nauyi kamar me. Wannan sifirin na shokazobar baya da ya ruɗe ni a shago shi ne babban abokin gabana: duk taka feda sai keken ya yi lilo, ƙarfin da ya kamata ya isa taya sai ya ƙare a sifirin. Birkinsa irin na roba ne mai matse rim. Da ya sha ruwan damina da jar laka sai ya riƙa kuka ba ya kamawa, kuma duk wanda ya san gangarar wajen nan ya san ba wurin wasa da birki ba ne. Cikin wata huɗu na je wurin mai gyara ya fi sau goma. Ran nan dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, araha ba ta ado. Wannan na zagayen unguwa ne, ka daina kai shi daji." Na ce, "Baba, ai na ji a jikina."

Na sayar da shi da asara, na ƙara kuɗi na ɗauko na gwanjo, ƙirar Giant. Jikinsa alminiyam ne, shokazoba a gaba kaɗai, taya mai lamba 27.5, giyar baya tara ta Shimano Alivio, birki mai faifai da ke aiki da mai. Fentinsa duk ya ƙoƙe, matata ma sai da ta tambaye ni ko kyauta aka ba ni. Wata takwas ke nan ina hawa, kuma tudun da a da nake sauka in tura, yanzu a kan sirdi nake gama shi. Birkin da yatsa ɗaya yake tsayawa, ko ana ruwa ko ba a yi.

Abin da ban sani ba a sayen farko shi ne, yawan giya ba shi ne inganci ba. Kayan Shimano, kamfanin da ke ƙera giya da birkin keke, hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore, har zuwa XT da XTR na 'yan gasa. Sunan yana rubuce a jikin abin sauya giyar na baya, duƙawa kawai za ka yi ka karanta. A ganina mai fita daji sau ɗaya ko biyu a mako, Alivio ko Deore sun ishe shi. Abin da ya wuce nan, rage nauyi kake saye da tsada. Keke mai jikin kabon kuma, wato wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba, ban ba kowa shawara ba a nan, don in ya tsage babu mai waldan da zai taɓa maka shi.

To nawa za a kashe? Farashi yana bin dala, adadin da na biya bara ba zai yi wa kowa amfani yau ba. Abin da na yi dai, na ba keken kashi uku cikin huɗu na abin da na tanada, na riƙe sauran. Kuma sai da saura ɗin ya ƙare tas: sabuwar sarƙa, takalmin birki, hular kwano, famfo, tiyub na ko-ta-kwana. Gwanjo ba ya zuwa da lafiya cikakkiya. Kafin ka biya, duba duk inda aka yi walda ko akwai tsaga, juya tayoyin ka ga ko rim ya karkace, sannan ka hau ka tabbata tsawonsa ya dace da kai, don keken da ya yi maka girma ba ya gyaruwa.

Keken nawa na gwanjo ma yana da nasa ciwon kan. Birkinsa na Shimano ne, man ma'adinai (mineral oil) yake sha, ba man birkin mota ba, kuma saura kaɗan wani yaron shago ya ɗura mini na mota, wanda da ya lalata robobin ciki. Yanzu da kwalbata nake zuwa. Ga kuma taya: mai lamba 26 ko'ina akwai, amma 27.5 mai manyan haƙora sai da na yi sati uku ina cigiya kafin wani ɗan'uwa ya aiko mini daga Legas. Da zan sake saye, zan fara tambayar masu kayan gyara abin da suke da shi kafin in je wurin mai keke.