Fijo 504 ɗin da nake tayarwa a Kumasi

Salam Yaya, da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara da makaranta. Tun ranar da na tura hoton motar nan a guruf ɗin gida ake ta kirana, wasu na cewa me zan yi da tsohuwar Fijo a wannan zamanin, kai kuma ka ce in zauna in rubuto maka yadda harkar gyaran mota take a nan in an gwada da Kaduna. To yau Lahadi ban fita shago ba, bari in ba ka labarin yadda yake.

A unguwar Aboabo na ganta, cikin gidan wani dattijo da nake kai wa shadda, tana ajiye gindin mangwaro tayoyi duk sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. 504 ce salun, fara, irin ta Baba sak sai dai tashi wagon ce. Dattijon ya ce daga Najeriya ya taho da ita tun shekarun 1980, lokacin da mutanen Gana suka yi ta dawowa gida daga Legas. Ban gama yarda ba sai da na ɗaga bonet na goge wani ɗan faranti da ke jikin bodi da babban yatsa, maiƙo da ƙura suka fita sai ga sunan Kaduna a jiki. Yaya wallahi tsayawa na yi na kasa magana. Motar da aka haɗa a Kakuri, inda muke wucewa muna yara muna leƙen sababbi a jere cikin waya, ita ce ta zo ta tsufa a ƙasar Asante. A ranar na yi ciniki, washegari aka jawo min ita gida.

A tsakar gida nake aikin, maigidan da nake haya wurinsa ya ba ni gefen da ake shanya, na kafa rumfa da tamfol. Abin da zan iya da hannuna ina yi da kaina, kwance-kwance, wanke kabireta, kankare tsatsa, wayoyi. Abin da ya fi ƙarfina sai in ɗora a aboboya, wato keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, in kai Magazin.

Suame Magazine kenan, kuma in ba ka gani da idonka ba duk bayanin da zan yi ba zai kai ba. Ka ɗauki Panteka ka haɗa da Ƙofar Ruwa ta Kano ka ƙara da duk garejin da ke bakin hanyar Kawo, har yanzu ba ka kamo shi ba. Gari ne guda, daga shataletalen Suame ka miƙe hanyar Offinso hagu da dama ƙarar guduma ce da walda da hayaƙi, ƙasar wurin ma ta koma baƙa saboda baƙin mai na shekara da shekaru. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa da masu sana'ar suka fara zama kusa da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne kowa da abin da ya sani kuma a kai ya tsaya. Wannan ladiyeta kawai yake yi, wancan sifirin, wancan gurandin karanshaf, wani ba ya taɓa komai sai fanfon mai. In ka kai wa mutum abin da ba nashi ba ba zai karɓa ya yi ta gwaji a kai ba, zai kira yaronsa ya ce raka shi wurin wane. A gida ka san yadda muke, bakanike ɗaya shi ne riwaya shi ne mai birki shi ne mai giya, ba ya iya cewa ban sani ba.

Babbar matsalar motar tsatsa ce. Nan ba kamar Kaduna ba ne da hunturu ke busar da komai wata da watanni, damina biyu ake yi a shekara, ta farko daga wajen Afrilu zuwa Yuli sannan ta sake dawowa Satumba da Oktoba, iska kullum da danshi. Ganyen mangwaro ya toshe hanyar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba, ruwa ya riƙa sauka ciki, ƙasan wurin ƙafar direba ya cinye har ina hango ƙasa ta ramin. Na ɗauko wani fanabita, a nan sitireta suke ce musu, Ba'asante ne dattijo ba ya jin Hausa sosai ni ma Twi ɗina, yaren Asantawa, na ciniki ne kawai, amma mun fahimci juna. Ya zo gida da yaransa biyu da tulun gas. Kwali ya fara ɗorawa a ramin ya zana da alli ya yanka, ya ɗora kwalin a kan falan ƙarfe ya fitar, sannan ya zauna a ƙasa ya sa guntun ƙarfen dogo tsakanin ƙafafunsa yana bugawa a hankali har sai da ya fitar da layukan nan masu tudu da kamfani ke yi don ƙarfen ya yi ƙarfi. Ni da na zata shafe zai liƙa min ya rufe da foti. Da ya gama ya ɗora sai ya zauna daram kamar da shi aka haife ta. Kwana uku ya yi, kuma bai bari an sa foti ba sai ɗan kaɗan a bakin walda, ya ce foti mai kauri a wannan ƙasar shekara ɗaya ya tsage ruwa ya shiga. A wannan fannin gaskiya sun fi mu, hannunsu a ƙarfe daban ne, kuma ina ganin dalilin shi ne yadda suke koyon aiki, yaro sai iyayensa sun kawo shi sun biya kuɗin koyo, ya yi shekaru a ƙarƙashin masta kafin a yaye shi, ba wai ya yi wata shida ya sayi sifana ya buɗe nasa ba.

Amma da aka zo kan inji sai labari ya juya. Garin nan na Toyota ne da Hyundai da Kia da Nissan, sai Benz Sprinter da ake torotoro da su, wato bas ɗin haya. Fijo ta zama baƙuwa. Samarin fita, haka suke kiran bakanike, da yawansu ba su taɓa kwance injin da ke da kwantak da kwandensa ba, sun saba da a jona kwamfuta ta faɗi ciwo. Wani yaro mai kirki ya leƙa ya ga injin a kishingiɗe gefe guda ya tambaye ni ko hatsari ta yi, na ce a'a haka Faransawa suka yi shi. Wani kuma da na kai wa bulok ɗin ya ce zai yi boring, na ce masa wannan ba a yi mata haka, silif ne da ita ana zare su a sa sababbi da fistin da ringi, ruwa na zagaya su kai tsaye, in ba a zaunar da su daidai ba ruwa ya haɗu da baƙin mai shikenan an yi asara. A Kaduna wa zan tsaya yi wa wannan bayanin? Tun 1975 ake haɗa Fijo a garinmu, 504 kuwa an daina ta a Turai da daɗewa mu muna ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000, duk wani tsohon bakanike a Tudun Wada ko Kakuri da kunne kawai zai gaya maka taimin ya goce. Sai da ƙyar aka haɗa ni da wani dattijo mutumin Zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi, asalinsu Zabarmawa ne, wanda ya yi zamanin da 504 wagon ke jigilar Kumasi zuwa Tamale da Bolga. Shi ne yanzu yake zuwa min duk Lahadi bayan la'asar, ba ya ma son maganar kuɗi, in ya riƙe distirbuta a hannu sai ka ga fuskarsa ta canza.

Kayan gyara kuwa nan ne na fi shan wuya. Na mota ta zamani ba ka da matsala, sabo da na hannu duk akwai, na hannun su hom yus suke cewa, abin da muke kira Beljiyam, ta tashar Tema yake shigowa. In babu a Magazin a kira kasuwar Abossey Okai a Ankara babban birnin Gana, ka tura kuɗi ta momo, wato ta wayar hannu, da safe a sa maka a bas, tafiyar kilomita wajen 250 ce, kafin dare ko washegari ka je tasha ka karɓa. Wannan tsarin na momo ya zauna sosai a nan, mai sayar da koko ma tana karɓa. Amma ka ce 504 sai a yi shiru a ce sai dai Lome ko Wagadugu, can ƙasashen Faransa. Ko rim na rasa, ramukan nata huɗu ne amma tazararsu ta fi ta sauran motoci faɗi, na Toyota ba ya shiga. Wani mai shago ya rantse min yana da fitilar gaba, na tura kuɗi, da kaya suka iso sai na ga ta 505 ce. Ya karɓa ya mayar min da kuɗina ban da na mota, amma sati biyu sun tafi.

Wani abu da ya kusa ruɗa ni farkon zuwana, dattawan nan har yau da tsohon kuɗi suke lissafi. A 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, dubu goma ta koma ɗaya, amma sitiretan nan da na tambaye shi kuɗin wani aiki sai ya ce miliyan biyar, gabana ya faɗi, ashe sidi 500 yake nufi. Sannan kada ka sa ran aiki ranar Asabar, ranar jana'iza ce a wurin Asantawa, masta zai sa baƙin zane ko ja ya tafi ƙauye kuma ba wanda zai ga laifinsa. Lahadi coci. Kenan kwana biyar gare ka, in ka cire lokacin Juma'a na mu. Wuta ta fi ta gida zama, ba na musu, duk da su ma suna da nasu ɗauke-ɗauken da suke kira dumso, kuma mita ta kati ce, ranar da na jona injin kankare tsatsa yini guda sai da maƙwabta suka yi magana, yanzu ni nake ƙara kati duk satin da na yi aiki.

Fenti ban yi ba tukuna. Mai fentin da na fara magana da shi ya karɓi kafin alƙalami ya yi ta ja min rai har ruwa ya dawo, kuma a wannan danshin in aka fesa a fili sai ya yi hazo-hazo ba ya sheƙi. Na haƙura sai Disamba in iskar hunturu ta ɗan leƙo, don tana zuwa nan ma amma ba ta da ƙarfi kuma ba ta daɗewa. Fara zan mayar da ita yadda take. Bayan nan sai takardu, a kai ta DVLA, hukumar lasisin motoci, a duba lafiyarta a ba ni rodwodi, a yi inshora, nan ba a wasa da waɗannan sitika biyun a gilashi.

Mutanen Zango sun riƙe ni da kyau a wannan aikin. Hausarsu ta ɗan bambanta, komai "ne" suke cewa, mota ne, mata ne, farko ina jin abin wani iri yanzu har na saba. Da yamma in na buɗe bonet sai dattawan layin su jawo benci, a sayo wake da shinkafa, waakye ɗin nan da ake dafawa da karan dafi, kowa na ba da labarin Fijon da ya taɓa shiga. Ni kuma Baba nake tunawa, yadda yake tashinmu da asuba mu tura wagon ɗin nan in batir ya yi sanyi, kai a baya ni a gefen ƙofa, in ta kama ya ɗaga mana hannu ya wuce tasha.

Yanzu ga roƙona Yaya. Dan Allah ka shiga Panteka da kanka kar ka aika yaro, ka nemo min fitilun gaba guda biyu masu gilashi ba roba ba, da danja na baya, da zakin nan na gaban giril, da robar gilashin gaba in da sabuwa, da cikakken gasket na inji mai lita 2, da kayan gyaran kabireta Solex, sai rim guda biyu. Silif da fistin kar ka saya sai na turo maka hoton lambar injin. Ka yi sauri don na ji 'yan gwangwan na ta saye tsofaffin Fijo suna sarewa a kai kamfanin narka ƙarfe, nan ma haka masu kondem suke yi, da na yi jinkirin wata ɗaya da wannan ma ta tafi a kilo. Akwai ɗan unguwarmu da zai taso ƙarshen wata ta Legas, Seme, Kwatano, Lome ya shigo ta Aflao, ya ce zai riƙo min in ba su yi nauyi ba, rim ɗin in ya ga ba zai iya ba a bar su zuwa wani zuwan. A naɗe fitilun da tsumma sosai a sa cikin bokiti mai murfi. Ka faɗa min nawa suka kama in turo.

Ka gaida Hajiya ka ce mata goron da ta ce yana nan tafe, ka gaida Anti da yara.