Rajistar adireshi da manhajar tafinta: abin dubawa kafin a zaɓa

Ma'aikata tana da ofishi a cikin Sakkwato da reshe a Tambuwal ko Illela. An haɗa su da VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, sai firinta ta ɓace, kyamara ta daina nunawa. Da an bincika sai a tarar ofisoshin biyu duka suna kan 192.168.88.0/24, wato rukunin adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a layi) da rautar MikroTik, na'urar da ke rarraba layi, ke fitowa da shi daga kwali. Manhajar da ke tura saiti da kanta ba ta gyara wannan. Kuskuren take kwafewa ta raba wa na'urori hamsin cikin minti guda. Saboda haka rajistar adireshi, wato inda ake rubuta adireshin kowace na'ura, ake fara zaɓa.

Takardar Excel ta ishi ofis ɗaya mai /24 guda, adireshi 254, matuƙar mutum ɗaya ne ke rubutu a ciki. Da zarar sun zama biyu, kowa da kwafinsa a filash, an gama.

phpIPAM kyauta ce, PHP, MariaDB da sabar yanar gizo kawai take buƙata, kuma tsohuwar kwamfuta na iya ɗaukarta. Tana zagaya layin tana aika ping, wato saƙon gwaji, ta nuna adireshin da ke amsawa. Amma na'urar da aka kashe lokacin da aka ɗauke wuta za ta bayyana kamar ba ta nan, sai sabon ma'aikaci ya ba wa wata adireshinta. Ku riƙa yi wa irin waɗannan alamar an tanada.

NetBox, wadda aka saki kyauta a 2016, ta fi nauyi: Python, PostgreSQL da Redis, kuma gara a ware mata RAM gigabait 4. Ita ba ta zagaye. Abin da kuka ce ya kamata ya kasance shi take riƙewa: wuri, rak (kantar na'urori), na'ura, kowace ƙofa, VLAN (sashen layi da aka ware) da kebul ɗin da ya haɗa su. Shigar da bayanan farko aiki ne na kwanaki, a nan ne yawanci ake karaya. Duk da haka ita muke ba da shawara ga mai rassa uku zuwa sama, domin Ansible, manhajar tura saiti, na iya ɗauko jerin na'urori kai tsaye daga cikinta. Infoblox tana haɗa DNS (mai mayar da suna adireshi), DHCP (mai raba adireshi) da rajista wuri ɗaya, sai dai lasisinta da kuɗin waje ake lissafa shi.

Sai tafinta, wato manhajar da za ku faɗa wa buƙata sau ɗaya ta mayar da ita yaren kowace na'ura. NAPALM ta fi tsabta: tana nuna bambancin tsohon saiti da sabo kafin a tura, tana kuma iya komawa baya. Ainihin na'urorinta Arista, Juniper da Cisco ne. MikroTik sai da ƙarin direba na masu sa kai wanda bai yin duk wannan. Netmiko tana shiga na'urori da yawa ta SSH, hanyar ba da umarni daga nesa, har da MikroTik da Huawei, amma umarnin kowanne ku za ku rubuta. Inda MikroTik ta fi yawa, Ansible da kunshin community.routeros sun fi dacewa.

Kafin ku yanke shawara, ku gwada a rauta ɗaya da ke kan teburinku. Ga na reshe mai nisa, a kunna Safe Mode na MikroTik idan da hannu ake gyara, a sa "reload in 10" a Cisco ko "commit confirmed" a Juniper, don idan layi ya yanke na'urar ta koma tsohon saitinta ba sai an hau mota ba. Sabar rajistar kuwa a sa ta a kan inbata, a ɗaki mai sanyi, domin zafin Afrilu a Sakkwato ya kan haura digiri 40, kuma a riƙa kwafe bayananta kowane dare zuwa wani gini daban.