Kanada ko Amurka: lafiya, haihuwa da aikin soja

A Kanada, katin lafiya na lardi ke biyan kuɗin likita da kwanciya asibiti daga haraji. Matsalar ita ce jira: tiyatar gwiwa kan ɗauki watanni, kuma maganin da aka saya a kanti ba kowa ake biya wa ba. A Amurka inshorar lafiya yawanci tana manne da wurin aiki. Aiki ya tafi, ita ma ta bi shi. Mai jego a Kanada na iya samun hutun wata 12 zuwa 18 da wani kaso na albashinta. Dokar tarayyar Amurka ta 1993 mako 12 ta bayar, ba ko sisi. Wannan gibi ba ƙarami ba ne.

Albashi kam ya fi tsoka a Amurka.

Ta fuskar tsaro, dukkansu suna cikin NATO tun 1949, suna gadin samaniya tare ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwarsu ta NORAD tun 1958. Amma a 2003 firaministan Kanada na lokacin, Jean Chrétien, ya ƙi shiga yaƙin Iraƙi. Namiji mai shekara 18 zuwa 25 a Amurka, har baƙo mai takardar zama, dole sunansa ya shiga rajistar kiran soja. Kanada ba ta da wannan. Rauninta a kasuwa yake: kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da take fitarwa Amurka suke zuwa, shi ya sa harajin Trump na 2025 ya girgiza masana'antun ƙarfe da motoci a lardin Ontariyo na Kanada.