Ceton shirin barkwanci: ihu a intanet ko taɓa aljihun mai talla?

Ihu a intanet ba ya cin ko sisi. A Mayun 2018 tashar talabijin ta Fox ta soke shirin Brooklyn Nine-Nine, masoya suka cika Twitter da ƙorafi, washegari tashar NBC ta ɗauke shi. Amma fa Universal Television mai shirya shi 'yar gida ɗaya ce da NBC. Inda babu irin wannan alaƙa, ihun kan tashi a tutar babu.

Bi ta hannun mai talla ya fi tasiri, don tasha kuɗi take ji. A 2009, ranar fitowar kashin ƙarshe na zangon shirin Chuck, wanda ake fargabar NBC za ta soke, masoyansa suka yi dafifi a shagunan Subway, kamfanin sanwici mai talla a shirin, suna sayen sanwici suna barin 'yar takarda cewa don Chuck suka zo. NBC ta sabunta shirin. Wahalar wannan hanya: sai an tsayar da rana ɗaya, kowa ya ciro kuɗinsa.